Huhun Goro

Kakana Bawa Na-Salaga da ƙafa ya shigo Kumasi,
wata uku daga Gumel, jaki bakwai,
ɗaya ya kwanta a Yandi bai tashi ba.
Guzurinsa garin gero a burgami.
In an samu ruwa a dama,
in ba a samu ba a haɗiye yawu, a ƙara gaba.
Ya kai casa'in da haƙoransa,
jajaye dai, saboda goro, amma nasa.

Ni jikansa ina da shago a Alabar.
Taku goma sha ɗaya daga ƙofa zuwa kujera, na ƙirga.
Faragiya ke kawo ni, faragiya ke mai da ni Aboabo.
Shayina cokali huɗu, madarar gwangwani ta biyo baya,
burodi mai laushi kamar kuncin jariri,
da dare shinkafa, sai rediyo, sai lissafin bashi har ƙarfe biyu.
Ina hamsin da biyu tafin ƙafata ya fara barci.
Tururuwa suka riga likita sani,
suka yi layi a bayan gida.

A asibiti Nas Owusuwa ta soki yatsana,
ta dubi lamba, ta dube ni.
Na ce, gado ne, da shi babana ya tafi.
Ta ce da Hausarta ta Zango, mai karyayyen harshe:
Alhaji, gado gida ne mai ɗaki dubu,
ba duka aka kunna wa fitila ba.
Ƙwayoyin halittarka ba ka da ikon canza su,
amma cinka, barcinka, tafiyarka
suna da hannu a kan makunni.
Na yi shiru. Ban so a ce mace mai shekarun 'yata ta fi ni gaskiya ba.

Sai da na koma shago na kwance huhu.
Goro ɗaya, bishiya ɗaya, daji ɗaya.
Wanda na sauya wa ganye, na yayyafa wa ruwa,
ga shi jawur, yana ƙara in an fasa.
Wanda yaro ya manta a jikin bango
ya yamushe, tsutsa ta yi ɗaki a ciki.
Shekara talatin na san wannan,
ban taɓa ɗauka da ni ake ba.

Kaka, jikinka ya koyi ɓoyo a hanya,
kowace loma ya ajiye don gobe mai yunwa.
Ka bar min rumbu.
Ni kuwa kullum zubawa, ban taɓa ɗiba ba,
har gindinsa ya fara tsagewa.
Ba kai ka cuce ni ba,
makullin ne na riƙe ta bai-bai.

Yanzu bayan asuba da ƙafa nake fita.
Masu koko suna dariya: Alhaji, an karye ne?
Ina wuce gada, ina wuce masu soya ƙosai,
hancina na roƙo, ina ce masa gobe.
Lambar ta sauka kaɗan. Kaɗan fa.
Ƙwayar magani tana nan a aljihu,
kuma ran suna a gidan Malam Gambo na sha lemo biyu,
Allah na gani.

Zulai 'yata tana wata shida.
Jiya na kai mata zogale da daddawa da gero,
ta ce, Baba, yaushe ka zama ungozoma?
Ban iya gaya mata ba
cewa wanda ke cikinta yana sauraron tukunyarta,
ana naɗe huhunsa tun yanzu,
kuma ina so a sa masa ganye mai kyau.
Na ce dai, ki dafa.
Na ɗauki takalmina.